Ba Asibiti Ba Ne, Fiddausiya, Jirgin Yawo Ne

Daga cikin jirgin ruwa, tsakiyar Bahar Rum
Ranar Talata, kwana na shida

Zuwa ga Fiddausiya, ɗiyar Baba Inuwa,

Ya ke ruwan farko da ke sauka bisa gona bayan wata takwas na rana! Ya ke inuwar gawo a tsakiyar bazara, sa'ad da sauran itatuwan Adar suka zubar da ganye suka bar mutum da kansa a fili! Ya ke sanyin randar da aka binne ƙarƙashin rumfa, farar kurciyar da ke sauka bakin tabkin Keita da hantsi, zumar kogon dutse, ƙamshin furen albasa, mai wushirya, mai tafiyar da ke sa in ƙone yatsana da ƙarfen liƙin salula ban ji ba! Sallama gare ki, da gaisuwa mai yawan ruwan da ke kewaye da ni yanzu. Kuma wallahi ruwan nan ya yi yawa, ya wuce hankali. Allah kaɗai ya san amfanin wanga yawa, ga mu can muna haƙa rijiya gaba ashirin mu samo laka.

Takarda ta biyar ke nan da na fara, huɗu na yage na cusa ƙarƙashin matashin kekena. Kin san ni, bakina ba ya jiran kaina, shi ya sa rabin mutanen kasuwar Keita ba su gaishe ni sai salularsu ta mutu sun kawo mani gyara. Amma yau bakin ya ƙi, kan ma ya ƙi. Zan rubuta ko yaya ta fito, in ɗauki hotonta in turo maki in rezo, layin salula, ya yarda. Ki nemi wuri ki zauna, ke kaɗai, kafin ki ci gaba.

Fiddausiya, ban tashi ba. Ba magani aka kawo ni ba. Hoton nan da kika gani shekaranjiya, wanda ya sa Innata guɗa har muryarta ta dishe, ba hoton mai tsayuwa ba ne. To, na faɗa. Yanzu bari in koma farko in jera maki, don ni kaina ban gane yadda aka yi muka iso nan ba.

Kin san labarin tsoho Aldo, Baturen Italiya da ya yi aikin ɗaure duwatsu cikin ragar waya don tare korama, shi da marigayi babana, a zamanin furoje, wancan babban aikin raya ƙasa, wanda har yau in ya kira sai ya tambaya ko koramar bayan gidanmu ta daina cin gona. Shekara tara ke nan tun da buhunan albasa suka zubo mani daga bisa kamiyo, babbar motar kaya, a Madawa suka raba ni da jikina daga ƙirji zuwa ƙasa, kuma tsohon bai taɓa cewa zai warkar da ni ba, ko sau ɗaya. Abin da ya ce shi ne suna da wata ƙungiya a garinsu, duk shekara sukan kwashi irina su sa a babban jirgin ruwa kwana takwas, a zagaya teku a dawo inda aka tashi. Na ce a je ina? Ya ce ba ko'ina. Na ce a yi mi? Ya ce a huta. Na ce tsoho, shekara tara ina zaune, wane hutu ya rage wanda ban yi ba? Ya yi dariya har da tari, ya aiko takardu, nawa da na yayana Habu, don dole a zo da mai ɗauka.

Na faɗa wa mutane gaskiya, Allah shaida, ke ma shaida. A rumfata na faɗa, a bakin masallaci na faɗa. Amma wa zai yarda? A wurinmu namiji yana barin gida don abu huɗu: cin rani, Makka, asibiti, ko gaisuwar mutuwa. Babu na biyar. Wane mahaukaci zai ɗauki gurgu daga Keita zuwa Tawa, daga Tawa zuwa Yamai, a sa shi jirgin sama, a sa shi jirgin ruwa, don kawai ya kalli ruwa ya dawo? Ga kuma halinmu na tsoron baki: mai neman magani ba ya faɗi sai ya warke, mai tafiya ba ya faɗin inda ya nufa sai ya sauka. Saboda haka duk sa'ad da na ce yawo za ni, sai su kashe mani ido su ce, "Haka na, Isaka, yawo na. Allah shi sa a yi yawon a sa'a." In na rantse su ƙara yarda. In na yi zagi su ce ai dole ya ɓoye. Innata da kanta ta toshe mani baki da tafinta mai warin daddawa ta ce, "Yi kurum ɗan nan, ka yi daidai, kar ka hwaɗa ma kowa." Ki gaya mani, ya mai idon barewa, ta yaya mutum ke faɗin gaskiya a garin da ƙaryata magana ita ce hatiminta?

Sannan mahaifinki ya zo. Baba Inuwa, wanda sau uku kawuna yana zuwa ƙofarsa da maganarmu, sau uku yana sallamarsa da "sai mun yi shawara", shi da kansa ya tako har rumfata ana gobe za mu tashi. Ya tsuguna, ya dafa tayar kekena, ya ce, "Isaka, na ji labari. Kar ka ce komi, na gane. Tahi. In ka komo bisa ƙahwahunka ka turo magabatanka, na ba ka ita." Ni kuwa, ni Isaka mai baki, ni da na taɓa yi wa direban wani babba wankin baki a tsakiyar kasuwa don ya tsayar da mota bisa hanyar kekena, ni da ba na barin magana ta faɗi ƙasa, sai na ce, "To, Baba." To, Baba! Kalma biyu. Wannan ne laifina, ba na ɗora wa kowa. Ya ce "na ba ka ita", kunnena ya kama wannan ya saki sauran.

Kin san mi ya riƙe mani harshe? Ranar korama ce. Kin tuna? Damina biyu da suka wuce, ruwa ya ɗauke da la'asar, na taso daga kasuwa kekena ya kafe a yashin korama, tayoyin baya suka nutse. Maza uku suka wuce suna ce mani sannu. Sannu! Kamar sannu tana tura keke. Ina ta zaginsu da iyayen gidansu, sai na ji keken ya motsa. Ban ga kowa ba, sai numfashi a bayana da ƙarar awarwaro. Kika tura har tudu, kika zagayo gabana, zanenki duk laka, tallan gyaɗarki ya jiƙe, kika ce, "Kai kam da bakinka ke tuƙa keken nan da yanzu ka kai Buza." Kika ɗauki farantinki kika wuce. Ba ki ce sannu ba. Ba ki ce Allah sarki ba. Tun ranar da aka kwantar da ni bisa tabarma ba wanda ya yi mani faɗa irin na mutum da mutum sai ke. Shekara huɗu na yi a kwance ina koyon karatu da kwalayen magani da tsofaffin littattafan lakol, makarantar boko, na ɗiyan maƙwabta, na haɗa baƙi da baƙi ni kaɗai har na iya, amma duk abin da na karanta ban gane dalilin da ake rubuta waƙa ba sai a yashin nan. Ya ke taurarin damina bayan hadari ya wuce, ta yaya zan ce wa mahaifinki ba zan tashi ba alhali sunanki na cikin bakinsa?

Yanzu ga ni cikin jirgi. Fiddausiya, ba jirgi ba ne, gari ne aka tumɓuke aka ɗora bisa ruwa. Hawa goma sha huɗu. Mutanen ciki sun fi na kasuwar Keita ranar da ta cika. Akwai wani ɗaki mai hawa da sauka da kansa, asansar, in shiga da kekena in danna lamba ya kai ni sama ba wanda ya taɓa ni. Ranar farko na hau na sauka sau goma sha ɗaya, Habu yana cewa za a kore mu. Ƙofar ɗakinmu tana da faɗin da keke ke shiga. Makewayi yana da ƙarafan kamawa da kujerar wanka. Na zauna na dube su, sai na ji haushi ya taso mani, ban san da wa ba. Ashe ana iya gina ƙofa da faɗi? Ashe ba wahayi ake jira ba? Shekara tara ana ɗaga ni bisa dokin ƙofar masallacinmu kamar buhun gero, ashe gangaren siminti ne kawai na rabin yini!

Amma kar ki ce aljanna na shigo. Ranar da muka hau aka tara mu duka, kowa aka rataya masa jile, rigar hana nutsewa mai ruwan lemo, ana koya mana abin yi in jirgi zai nutse. Wata ma'aikaciya ta ce in gobara ta tashi asansar ba ya aiki, mai keke ya jira a ɗakinsa za a zo a ɗauke shi. Na ce da Faransancina na kwalin magani, wa zai zo? Ta ce an rubuta lambar ɗakina. Na ce ruwan ya iya karatu? Tsoho Aldo, da ya rako mu cikin jirgin, ya ja mani kunne. Alƙibla kuma ta zama abin wasa: in kabbara ina fuskantar gabas, kafin in sallame jirgin ya juya. Abinci kuwa kamar ana bikin ɗiyar sarki safe da rana da yamma, ba wanda ya haihu, ba wanda ya yi aure, ni kuma ina bin kowane kwano da tambaya ko da alade, har masu dafuwa suka sa mani suna.

Habu fa? Habu mai ɗauka, Habu da ke saɓa buhu biyu a kafaɗa, tun da jirgi ya bar gaɓa yake kwance rungume da bokiti. Teku ta juya masa ciki. Yana nishi yana cewa, "Isaka, ka ce ma direba shi tsaya in sauka." Ni nake gangarawa in samo masa shayi da busasshen burodi bisa cinyata. Duk masu ƙafafu suna tangaɗi a lungu kamar ƴan giya suna dafa bango, ni kaɗai nake tafiya sak. Na yi dariya har na ji tsoron alhaki. Da ya ɗan samu kansa sai ya matsa lalle mu ga likitan jirgi, wai tunda mun zo, wa ya sani. Ashe shi ma, ɗan'uwana da ya ga takardun da idonsa, yana ɓoye da irin tunanin mutanen gari! Likitan ya duba bayana, ya karanta tsofaffin takarduna, ya faɗa mani da ladabi abin da na sani tun ina ɗan shekara goma sha bakwai: igiyar da ta tsinke a gadon bayana ba ta ɗinkuwa. Ya ba Habu ƙwayar amai. Wanda aka yi wa magani a tafiyar nan ke nan.

Wani abin kuma da ke hana ni haɗiye abincin: wanga ruwan da nake shawagi bisa shi, ana miƙo mani lemo mai ƙanƙara, shi ne ruwan da samarin ƙasarmu ke shiga cikin kwalekwalen roba daga Libiya. Masu ƙafafu, masu ƙarfi, wasu na san iyayensu. Su suna ƙasa, ni gurgu ina hawa na goma sha biyu da tawul a wuya. In gode? In yi kuka? In yi zagi? Wa zan zaga? Sai na yi ta kallon kumfar da jirgin ke bari a baya har idona ya yi yaji.

To ga yadda hoton ya faru. A can saman jirgin akwai tabkin wanka da aka gina, pisin suke ce masa, ruwansa shuɗi kamar an zuba bula. A bakinsa akwai wata kujera mai dogon hannu na ƙarfe, tana ɗaukar mutum ta sauke shi cikin ruwa kamar guga a rijiya. Kwana uku ina ƙi. Na ce ba zan tuɓe gaban matan mutane ba, su kuma ba su da niyyar sa tufa don ni. Ranar Lahadi da hantsi wurin ba kowa, tsoho Aldo ya ce in ban shiga ba zai faɗa wa babana a lahira cewa ɗansa matsoraci ne. Na shiga da rigata, da jile a ƙirji.

Ya sanyin idona, ta yaya zan faɗa maki wannan? Ruwan ya karɓe ni. Nauyin nan da nake ja shekara tara, rabin jikin nan da ba ya jin kirana, ya tafi, babu shi. Ƙafafuna suka sauka ƙasa da kansu suka miƙe, kaina a sama, kafaɗuna a sama, idona daidai da idon tsoho Aldo da ke tsaye cikin ruwan. Na manta yadda duniya take in ana kallonta ido da ido, ba daga wajen cibiyar mutane ba. Na yi kuka kamar an kwance ɗan akuya daga turke. A daidai nan Habu, da ya rarrafo ya sha iska, ya ɗaga salula ya ɗauka. Daga ƙirji zuwa sama. Ba kujerar ƙarfe, ba jilen da ruwa ya rufe, sai Isaka a miƙe kafaɗa da kafaɗa da Bature, yana kuka yana dariya. Ya tura wa Inna, bai rubuta komi ba. Mi zai rubuta, bai iya ba. Ba da mugunta ya yi ba, ya ga ƙanensa na murna ne.

Sauran kin fi ni sani. Kafin azahar saƙonnin murya arba'in da wani abu. Inna ta yi sadakar fura. Liman ya sa albarka. An ce Baba Inuwa ya aika Madawa a ɗinko mani takalman fata, an ce an yi wa makaɗa magana su tare mu a tasha. Duk wannan na iya ɗauka, na saba da haukan garinmu. Wanda ya karya ni naki ne. Daƙiƙa goma sha tara. Kina kuka, kina cewa, "Alhamdu lillahi, Isaka, alhamdu lillahi, na san Allah ba shi barinmu haka." Na saurara ya fi sau talatin. Haka. Wace haka? Fiddausiya, wace haka ce Allah ba zai bar mu ba? Rabuwar da mahaifinki ya yi mana, ko ni yadda nake? Murnar samuna kike yi, ko murnar an canza maki ni da wani mai kama da ni? Da kika tura kekena a korama, mutumin da ke cikinsa kika gani, ko kina ta haƙuri ne kina jiran ranar da zai fita daga ciki? Ban sani ba! Wallahi ban sani ba, kuma ina jin haushinki, kuma ba ki yi laifin komi ba, kuma ina son ki har haƙarƙarina na ciwo, wurin da ya rage mani mai jin ciwo.

Jiya jirgin ya tsaya nesa da wani tsibiri, ba ya iya matsawa gaɓa, sai ƙananan jirage ke zuwa kwasar mutane. Aka ce igiyar ruwa ta yi ƙarfi, masu keke ba su sauka. Kowa ya tafi, har Habu, wai yana son ya taka abin da ba ya motsi. Garin nan duka ya zama kango, sai ni da wasu tsofaffi biyu, mata da miji. Shi ya fi ni nakasa, ko hannu ba ya ɗagawa, kansa a jingine da matashi. Ita ƴar ƙarama ce, busasshiya kamar karan dawa. Na zauna nesa ina satar kallonsu. Tana ba shi abinci da cokali, ya kawar da baki, ta zazzaga masa masifa da yarensu, ya mayar mata da gunaguni, ta goge masa haɓa da ƙarfi kamar tana wanke tukunya, sannan ta gyara masa hula don rana, ta zauna ta ɗora ƙafarta bisa tayar kekensa tana kallon teku. Ba tausayi a fuskarta ko kaɗan. Gajiya akwai, na gani, mai yawa. Na dube su na ce ga abin da nake roƙon Allah. Na sake dubawa na ce ga abin da nake shirin ɗora wa ɗiyar mutane. Har yanzu ban san wanne daga ciki ne gaskiya ba. Wataƙila duka.

Don haka bari in faɗa maki abin da ban taɓa faɗa ba, saboda kunya da saboda tsoron ki gudu. Ina da robar fitsari, ana canza ta. Akwai ranakun da cikina ke kunyata ni ba sallama. Dole a juya ni a shimfiɗa don kar fatata ta ɓule, ta taɓa ɓulewa, wata biyar ina jinyar gyambo. Ban sani ba ko zan ba ki ɗiya, likitoci biyu sun faɗi magana biyu. Ba zan yi maki noma ba, ba zan ɗauko maki itace ba, in kunama ta shigo ɗaki ke za ki kashe ta ina ba ki umarni. Abin da nake da shi: hannu biyu da suka iya ta da matacciyar salula, rumfa ɗaya, kai mai karatu, baki mai kaifi wanda zan juya shi ga duk wanda ya dube ki a karkace, da zuciyar da ba ta taɓa zuwa cin rani wurin wata ba. Ke nan. Ba ƙari a hanya, ba abin da jirgi zai sauke.

Ya ke dabinon da ya nuna a reshen da hannuna ba ya kai, ya ke hasken safiya bisa duwatsun Adar, na gaji da "To, Baba". Yau da safe na sa Habu ya mayar da ni pisin, na ce ya tsaya nesa ya ɗauka tun daga sama har ƙasa, lokacin da kujerar ƙarfe ke fiddo ni, ruwa na zuba, ƙafafuna na reto kamar wanki a igiya. Ya ce, "Haba Isaka, ka bari mu koma gida tukuna." Na ce ɗauka ko in faɗa wa duk Keita yadda ka yi kuka kana kiran Inna a cikin bokiti. Ya ɗauka. Na tura wa mahaifinki, na bi shi da murya. Na ce, Baba, ka gafarce ni, na amsa maka abin da ba ni da shi. Ba asibiti na zo ba, yawo na zo, yadda na tafi haka zan komo. In ƙafa ce sharaɗi, ba ni da ita, ba kuma zan samu ba. In mutum ne sharaɗi, ga ni. Alamar ta nuna ya buɗe, ya saurara. Awa huɗu ke nan bai ce komi ba. Na tura wa Inna ma, ita kam ta kira tana kuka tana cewa baki ne ya kama ni, na ce Inna buhun albasa ne ya kama ni, shekara tara da suka wuce, a gaban shaidu.

Wataƙila na rushe abin da ya rage. Wataƙila da na yi shiru na dawo, kunyar idon jama'a ta sa ya ba ni ke. Amma da sai in rayu ina kallon fuskarki ina neman wancan mutumin na hoto a cikin idonki, in ga ko kina kewarsa. Ba zan iya kishi da kaina ba, Fiddausiya, abokan faɗana sun ishe ni.

Ranar Alhamis ta sama in Allah ya yarda motar Tawa za ta sauke mu a tashar Keita bayan la'asar. Ba zan fito da ƙafata ba. Habu zai fara sauka, a kwance kekena daga bisa mota, sannan ya rungumo ni kamar kullum ya aje ni a ciki, gaban duk wanda ya zo kallo. Ban roƙe ki ki saɓa wa mahaifinki ba, ban roƙe ki ki yi mani alkawari ba. Abu ɗaya nake roƙo. In kin ga ba za ki iya ba, kar ki zo, kar ki aiko da sannu, zan gane, kuma bakin nan nawa da bai bar kowa ba, ke zai bar ki har abada. In kuwa kin zo, ki tsaya inda zan gan ki tun ina hannun Habu, tun ba a aje ni ba, lokacin da na fi muni. Ki dube ni a nan. Abin da na gani a fuskarki shi zan ɗauka amsa, kuma da shi zan sake tura kawuna ƙofar Baba Inuwa, karo na huɗu, da na biyar, har sai ya gaji ko na mutu.

Ko kin zo ko ba ki zo ba, ba wata bayanki. Wannan kaɗai ne abin da ban ruɗe a kansa ba cikin duk tafiyar nan.

Naki, a zaune, yau da gobe da ranar da za a ɗauke ni ɗaukar ƙarshe,

Isaka mai gyaran salula